Neman shawara: littattafan ilimi a kan ƙananan fannoni daban-daban

Ɗalibin Ilimi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan littattafai, amma ba ƙagaggun labarai ba, ba kuma irin waɗannan na koyar da hanyar yin arziki ba. Abin da nake so shi ne littafin da ya ɗauki abu guda ɗan ƙarami ya bi shi har gindinsa. Fannonin da suke raina su ne yadda masu jirgin ruwa na da suke gane inda suke a tsakiyar teku, da rubutun sirri, da rayuwar ƙudan zuma, da yadda aka gano hanyar yaɗuwar annoba, da tarihin takarda, da takin zamani, da kwantena, da dalilin da ya sa gada ko bene ke rushewa. Na san sun yi nisa da juna. Turanci ko Larabci, duk babu damuwa. Sharaɗina biyu ne: kada littafin ya fi ƙarfin mai lissafin sakandare, kada kuma ya zama an ƙawata labari an bar gaskiya a baya. Wanda ya san fanni ɗaya kawai ma, don Allah ya taimaka da shi.

Mai Kula da Laburare:

Wa alaikumus salam Malam. Sharuɗɗanka biyu suna yawan karo da juna, gara ka sani tun yanzu. Littafin da ya fi daɗin karatu galibi ɗan jarida ne ya rubuta shi, kuma hanyarsa ita ce ya zaɓi gwarzo ɗaya da abokin gaba ɗaya ya ɗora musu komai. Na masanin fannin ya fi gaskiya, amma ya fi nauyi. Maganin shi ne a kowane fanni ka haɗa biyu: mai labari ya buɗe maka ƙofa, na masani ya gyara abin da wancan ya lanƙwasa.

Batun teku ne misalin da ya fi fitowa fili. Fara da Longitude na Dava Sobel, 1995, ɗan ƙaramin littafi ne da za ka gama a zama biyu ko uku. Matsalar da yake magana a kai ita ce: sanin nisanka arewa ko kudu abu ne mai sauƙi, tsayin rana da tsakar rana ko tsayin tauraron arewa zai gaya maka. Gabas ko yamma kuwa sai da agogo. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya a minti 4. Idan rana ta tsaya tsaka a inda jirginka yake, agogon da ka saita da lokacin tashar da ka baro kuma yana nuna ƙarfe 2 na rana, to ka yi digiri 30 yamma. A 1714 majalisar Ingila ta sa ladan fam 20,000 ga wanda zai kawo hanyar da kuskurenta bai wuce rabin digiri ba. Rabin digiri minti 2 ne na agogo, idan ka raba shi a kan tafiyar mako shida, agogon ba zai yi kuskuren da ya kai daƙiƙa 3 a rana ba ke nan. Agogon lilo ba ya iya wannan a teku: tangaɗin jirgi yana rikita lilon, zafi yana miƙar da ƙarfe, sanyi yana daskarar da man da aka zuba. John Harrison, wanda asalinsa kafinta ne, ya shafe shekaru kusan 30 kafin ya kammala agogonsa na huɗu a 1759, mai faɗin kimanin santimita 13. A gwajin zuwa Jamaika da aka fara a 1761, kuskurensa ya tsaya a wajen daƙiƙa 5, bayan an cire ɗan jinkirin da aka riga aka san yana yi kullum.

Inda Sobel ta karkata shi ne kan masanin taurari Nevil Maskelyne, ta mai da shi mai hassada zalla. Alhali hanyarsa ta auna tazarar wata da taurari ta yi aiki sosai. Jadawalin da ya fara fitarwa na shekarar 1767 ya rage lissafin awanni zuwa kamar rabin awa, kuma da shi matuƙa suka dogara shekaru da dama, domin agogon ya yi tsada ga yawancin jirage. Labarin da ta kawo ma, na matuƙin da aka rataye don ya faɗi gaskiya kafin hatsarin jiragen ruwa a tsibiran Scilly a 1707, babu shi a takardun wancan lokaci. Don haka ka bi bayansa da Finding Longitude na Richard Dunn da Rebekah Higgitt, 2014. Ka lura, a Amurka an buga shi da sunan Ships, Clocks, and Stars. Littafi ɗaya ne, kada ka saya sau biyu.

Tunda kana karanta Larabci, akwai Kitabul Fawa'id na Ahmad bin Majid, na wajen 1490. Shi matuƙi ne yake rubuta wa matuƙa: auna tsayin tauraro da "isba'i", wato yatsa, wanda 224 daga cikinsa suke cika da'ira, da raba sararin sama gida 32 bisa fitowa da faɗuwar taurari. G. R. Tibbetts ya fassara shi da sharhi a 1971, kuma sharhin ya zama dole, don kalmomin sana'ar ba sa cikin ƙamus na yau da kullum. Zancen cewa shi ya ja Vasco da Gama zuwa Indiya, yawancin masana tarihi ba su yarda da shi ba.

Rubutun sirri kuwa, The Code Book na Simon Singh, 1999. Ka karanta shi da biro da takarda, in ba haka ba rabin amfaninsa ya wuce ka. A babin farko za ka haɗu da Al-Kindi na Bagadaza, ƙarni na 9, wanda ya bayyana hanyar ƙirga haruffa: harafin da ya fi yawa a saƙon sirri mai yiwuwa shi ne ya maye gurbin wanda ya fi yawa a harshen, kamar alifi da lam a Larabci. Hanyar tana gazawa idan saƙon gajere ne, ko idan harafi ɗaya yana canza kama daga wuri zuwa wuri. Akwai taƙaitaccen bugu na yara mai suna kusan iri ɗaya, ka duba yawan shafi, cikakken ya kai wajen 400. Babban na fannin shi ne The Codebreakers na David Kahn, sama da shafi 1,000. Bugun farko na 1967 ne, kafin a bayyana sirrin aikin Bletchley Park, inda Birtaniya ta warware saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, a 1974, saboda haka bugun 1996 za ka nema.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Malam, a kan annoba The Ghost Map na Steven Johnson, 2006, shi ne mafari mai kyau. Kwalara ce ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan a ƙarshen Agustan 1854, mutum sama da 500 suka mutu cikin kwana goma, jimilla 616. Likitoci a lokacin sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Likita John Snow ya ce ruwa ne, kuma tun 1849 ya rubuta haka. A wannan annobar famfon ruwa na titin Broad Street ya zarga, ya kuma zana taswirar mace-macen da ke kewaye da shi.

Abin da ya kamata ka sa wa ido a littafin ba taswirar ba ce, waɗanda cutar ta tsallake ne. Gidan gajiyayyu na kusa yana da mutum 535, biyar kaɗai suka mutu, domin suna da rijiyarsu. Ma'aikatan wani kamfanin giya a kan titin, su 70, babu wanda ya mutu, ba sa shan ruwan famfon. Ga kuma wata gwauruwa a Hampstead, nesa da unguwar, wadda ake kai mata ruwan wannan famfo a kwalba don tana son ɗanɗanonsa, ita kuma ta mutu. Da irin waɗannan ake kafa hujja. Sannan wani limamin coci, Henry Whitehead, wanda ya shiga binciken da niyyar ƙaryata Snow, shi ne ya gano tushen: wata jaririya a gida mai lamba 40 ta kamu, aka zuba ruwan wankin tsummanta a ramin ƙazanta da bai kai mita ɗaya daga rijiyar ba.

Kurakurai biyu ake yawan maimaitawa, kuma Johnson ya kauce musu. Na farko, cewa cire hannun famfon a ranar 8 ga Satumba ne ya tsayar da annobar. Ta riga ta fara lafawa, mutane da yawa sun gudu, Snow da kansa ya faɗi haka. Na biyu, cewa taswira ce ta nuna masa famfon. Taswirar ta zo daga baya, don gamsar da wasu.

Babin ƙarshe ya bar Landan ya shiga hasashe a kan biranen zamani, kana iya tsallake shi. Maimakonsa ka nemi littafin Snow ɗin kansa, bugu na biyu na 1855, yana nan kyauta a intanet kuma Turancinsa ba mai wuya ba ne. A ciki akwai binciken da ya fi na famfon ƙarfi: kamfanonin ruwa biyu suna ba gidaje a tituna ɗaya, ɗaya yana ɗebowa daga kogin Thames inda ƙazantar gari ke shiga, ɗaya ya koma sama da gari. Mace-mace 315 a kowane gida 10,000 ga na farko, 37 ga na biyu.

Injiniya:

Ni uku zan ɗauka. Gini da gada: Structures na J. E. Gordon, 1978. Lissafinsa bai wuce ninkawa da rabawa ba. Daga shi za ka fahimci dalilin sa rodi a kankare: kankare yana jure danni, amma jurewarsa ga ja ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, shi ya sa a bim da ke kan ginshiƙai biyu rodin yake zama a ƙasa, inda ake ja, a baranda mai fitowa waje kuma yake komawa sama. Za ka kuma gane me ya sa tsaga take farawa daga kusurwa mai kaifi. Tsufan littafin bai taɓa waɗannan ba, sai dai ba za ka sami kayan gini na zamani a ciki ba.

Bayansa To Engineer Is Human na Henry Petroski, 1985, wanda ya ginu a kan haɗurra. Wanda ya fi koyarwa shi ne na otal ɗin Hyatt Regency a Kansas City, 17 ga Yuli 1981, inda mutum 114 suka mutu. Hanyoyin tafiya biyu ne a rataye, ɗaya a saman ɗaya. A zanen farko sandar ƙarfe guda ce take sauka daga rufi ta ratsa ta sama ta kai ta ƙasa. Wajen ƙira aka mai da ita biyu: ɗaya daga rufi zuwa ta sama, wata daga ta sama zuwa ta ƙasa. Kwatanta da guga biyu cike da ruwa. Idan kowanne an ɗaure shi a jikin igiya, kowane hannu nauyinsa kaɗai yake ɗauka. Idan ka rataye na ƙasa a jikin na sama, hannun na sama ya ɗauki biyu. Abin da ya faru ke nan, nauyin mahaɗar ya ninka, noti ya huda bim ɗin ya wuce.

Kwantena: The Box na Marc Levinson, ka nemi bugu na biyu na 2016. Jirgin Ideal-X ya tashi daga Newark zuwa Houston a 26 ga Afrilu 1956 da kwantena 58, kuɗin lodin tan ɗaya ya faɗo daga kusan dala 6 zuwa kimanin santi 16. Amma ka sani littafin tattalin arziki ne, ƙarfinsa yana kan rikicin ƙungiyoyin 'yan dako da faɗan daidaita awo, lokacin da wani kamfani ke amfani da ƙafa 35, wani 24, kafin a tsaya a kan 20 da 40. Idan ƙirar jirgi ko ƙugiya kake so, ba nan ba ne.

Taki: The Alchemy of Air na Thomas Hager, 2008. Kashi 78 cikin ɗari na iska naitirojin ne, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa haka. Fritz Haber ya nuna yadda ake haɗa shi da haidirojin a 1909, Carl Bosch ya mai da abin masana'anta a Oppau ta Jamus a 1913. Wurin da ya fi burge mai sana'a shi ne fashewar bututu: a matsin da ya kai ninki 200 na iska da zafin wajen digiri 500, haidirojin yana cinye kabon ɗin da ke cikin ƙarfe ya bar shi da gautsi. Bosch ya sa taushin ƙarfe a ciki, ƙarfe mai ƙarfi a waje, ya huda ƙananan ramuka a na wajen don iskar da ta ratso ta fita. Na masani a nan Enriching the Earth ne na Vaclav Smil, 2001, cike da alƙaluma.

A nan nake ɗan saɓa wa Malam na laburare. Fanni takwas, littafi biyu kowanne, 16 ke nan, kuma irin su Smil da Kahn za su iya kashe wa mutum gwiwa. A ganina na biyun sai a fannin da ya kama ka da gaske.

Mai Kiwon Zuma:

Zuma kam ba ka buƙatar biyu, domin Honeybee Democracy na Thomas Seeley, 2010, mai binciken ne da kansa ya rubuta, kuma yana karantuwa. Tambaya ɗaya ya bi: idan amya ta cika, tsohuwar sarauniya ta fita da ƙudan zuma kamar 10,000 suka dunƙule a reshe, wa ke zaɓa musu sabon gida? Ba sarauniya ba ce. 'Yan ɗaruruwa ne daga cikin tsofaffin ma'aikata suke fita nema. Wadda ta sami kogo sai ta dawo ta yi rawa a jikin dunƙulen: karkatar rawar daga tsaye tana nuna karkatar wurin daga rana, daɗewarta tana nuna nisa. Wuri mai kyau rawarsa ta fi yawan zagaye, sai ya fi jan wasu su je su gani. Idan kamar 20 zuwa 30 suka taru a wuri ɗaya, magana ta ƙare, su koma su sa sauran su ɗumama jiki zuwa digiri 35 su tashi. Ya yi gwajin ne a tsibirin Appledore, inda babu manyan itatuwa masu kogo, don akwatunan da ya ajiye su zama su kaɗai ne zaɓi. Sun fi son kogo mai cin lita 40, da ƙaramar ƙofa.

Gargaɗi biyu. Ba littafin koyon kiwo ba ne, ba zai gaya maka yadda ake ɗiban saƙa ko maganin ƙwari ba. Kuma zuman Turai ya yi nazari, wanda ke tara abincin hunturu. Na ƙasashe masu zafi ya fi karɓar ƙaramin kogo, ya fi saurin ƙaura gaba ɗaya, don haka kada a ɗauki lita 40 ɗin nan a matsayin doka ko'ina.

Takarda ba fannina ba ce sosai, amma Paper Before Print na Jonathan Bloom, 2001, shi ne ake komawa gare shi a kan yadda ta ratsa ƙasashen Musulmi daga Sin zuwa Turai. Yana shakkar labarin da aka saba ji cewa fursunonin yaƙin Talas na 751, tsakanin Musulmi da Sinawa, su ne suka kawo sana'ar Samarƙandi, domin an san takarda a yankin kafin nan. Babba ne mai hotuna, aro ya fi saye.

Ɗalibin Ilimi:

Allah ya saka muku da alheri, Malamai da 'yar'uwa. Saura ɓangare ɗaya: idan na shiga wani fannin da babu wanda zan tambaya, yaya zan tantance littafi kafin in kashe kuɗi da lokaci a kansa?

Mai Kula da Laburare:

Maganar Injiniya gaskiya ce, na karɓa. Ga abin da za ka yi cikin minti 15, ko littafin yana hannunka ko samfurin shafukansa kake gani a intanet.

Fara daga baya. Duba manazarta: idan marubucin ya dogara da takardun asali da mujallun bincike, alama ce mai kyau, idan kuwa duk wasu littattafan kasuwa ne irin nasa, to kwafi ne a kan kwafi. Littafin da ke kawo alƙaluma da maganganun mutane ba tare da nuna inda ya samo ba, ajiye shi. Sai fihirisa: nemi abu guda da ka riga ka sani da kyau, ka buɗe shafin, ka ga yadda ya yi da shi. Wanda ya yi sakaci a inda ka sani zai yi a inda ba ka sani ba. Sai bayan shafin suna, inda shekarar bugun farko take. Sabon bango ba sabon bugu ba ne. A tarihi shekara 30 ba komai ba ce, a likitanci ko kwamfuta shekara 10 ma da yawa. Sannan ka karanta shafi biyu daga tsakiya, ba gabatarwa ba, domin gabatarwa ce aka fi gogewa.

Yabon da ke bayan bango kada ka kula shi. Nemi sharhin da masanin fannin ya yi a mujallar fannin, ka rubuta sunan littafin tare da sunan mujallar a wurin bincike. Ko shahararren littafi yana iya ɗaukar ra'ayin da daga baya aka ja da shi: zancen cewa itatuwan daji suna ciyar da juna ta zaren naman gwari ya cika littattafai, sai a 2023 wasu masu bincike uku suka bi hujjojin a mujallar Nature Ecology & Evolution suka nuna an faɗi fiye da abin da gwaji ya tabbatar.

Don gano littafin da ba ka san da shi ba, lambobin Dewey, waɗanda laburare ke jera littattafai da su bisa fanni, suna aiki ko a kundin intanet. Kiwon zuma 638.1, rubutun sirri 652.8, gane hanya da taurari 527, takarda 676, injiniyancin gine-gine da gadoji 624, annoba 614. Ka je lambar ka duba maƙwabtanta a kanta. Shafin WorldCat zai nuna maka bugu nawa littafi yake da su da ɗakunan karatun da suke da shi. Idan fannin baƙo ne gare ka ƙwarai, jerin Very Short Introductions na Oxford, da aka fara a 1995, ya wuce littafi 700, kowanne wajen shafi 150, kuma a ƙarshensa akwai shawarar abin da za a karanta gaba, wadda masanin fannin ya zaɓa.

Wajen oda, yi amfani da lambar ISBN mai lamba 13, ba suna ba, don ita ce take bambanta cikakke da taƙaitacce, da tsohon bugu da sabo. Tsofaffin littattafai da ake sake bugawa daga hoton shafuka sukan zo babu taswira, ko jadawalin ya dusashe, kuma a littafi irin na Snow taswirar da jadawalin su ne hujjar. Ka tambayi mai sayarwa hoton waɗannan shafukan kafin ka biya.